Manufar Gwamnatin Sin Game da Kare-karen Sinanci da Harsunan Ƙananan Ƙabilu

Wanda ya ɗauki takardar kuɗin ƙasar Sin ya duba bayanta zai tarad da sunan babban bankin ƙasar an rubuta shi sau biyar. Na farko Sinanci ne da baƙaƙen boko, sauran huɗun kuwa Mongolanci ne, da Tibetanci, da Uiguranci, da harshen Zhuang. Mutanen waɗannan ƙabilu huɗu, in an haɗa su gaba ɗaya, ba su kai miliyan 50 ba a ƙidayar 2020. Amma Kantonanci, wanda masu magana da shi sun haura miliyan 60, ba shi da wuri a takardar. Haka kuma harshen mutanen Shangai da kewayenta, wanda shi ma masu shi sun fi ƙabilun nan huɗu yawa. Ba mantuwa aka yi ba. A wurin hukuma waɗancan huɗu harsunan ƙabilu ne, waɗannan biyu kuwa kare-kare ne kurum na harshe guda, watau Sinanci. Manufar Gwamnatin Sin game da harshe duk bisa wannan rarrabewa ta ke tsaye, saboda haka sai an fahimce ta tukuna sa'an nan sauran al'amarin zai fito fili.

Abin da a ke nufi da karin harshe a Sin

Kalmar da Sinawa ke amfani da ita ita ce fangyan, ma'anarta maganar wani wuri. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, gama wani masani mai suna Yang Xiong, wanda ya rasu a shekara ta 18 ta Miladiyya, ya tara kalmomin lardi-lardi cikin littafi ya ba shi wannan suna. Kalmar ba ta ce kome ba game da ko mutanen wurare biyu suna jin maganar juna. Da aka zo fassara ta da karin harshe sai ruɗani ya shiga. Bakano da Basakkwace, ko da kowannensu ya ji ɗan'uwansa na karya harshe, za su yi ciniki su rabu ba tare da tafinta ba. Mutumin Bejin da mutumin Kanton kuwa, in kowanne ya tsaya a bakin gidansu, ba abin da zai shiga tsakaninsu sai nuni da hannu. A Bejin yi shi ne ɗaya, a Kanton yi shi ne biyu, ɗaya kuwa yat. Goma a Bejin shi, a Kanton sap. Mutumin Bejin yana rarrabe kalmomi da karin sauti huɗu, na Kanton da shida, kuma Kantonanci ya riƙe baƙaƙen p, t, k da m a ƙarshen gaɓa, waɗanda bakin Bejin ya zubar tun ƙarnuka da suka wuce.

Masana sun saba kasa Sinanci kashi bakwai: bakin arewa, wanda Turawa ke kira Mandarin, da Wu na wajen Shangai, da Yue wanda Kantonanci ke ciki, da Min na Fujian da Taiwan, da Hakka, da Xiang, da Gan. Taswirar harsunan Sin da aka buga a 1987 ta ƙara uku, suka zama goma. Bakin arewa shi ne na kamar kashi 70 cikin ɗari na Sinawa, ya mamaye shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daga kan iyakar Rasha har Yunnan. Sauran duk sun cunkushe a kudu maso gabas, ƙasar duwatsu da koguna, inda a wasu sassan Fujian tafiyar yini guda ta isa a daina jin juna.

To, me ya sa har yanzu a ke ce musu harshe guda? Amsar tana wurin rubutu. Tun da Sarki Qin Shi Huang ya haɗa ƙasar a shekara ta 221 kafin Miladiyya aka daidaita alamomin rubutu, alamomin nan kuwa kowace tana tsaye ne a madadin gaɓa mai ma'ana, ba ta tilasta wa mai karatu lafazi guda. Misalinsu kamar alƙaluman lissafi ne: 5 ɗaya ce a takarda, Bahaushe ya ce biyar, Balarabe ya ce hamsa. Alamar mutum a Bejin a kan karanta ta ren, a Kanton yan, a Shangai nyin. Amma kada a kai misalin nan nesa. Abin da a ke rubutawa da alamomin yau kalmomi ne da nahawun bakin arewa. Yaron Kanton a gida ya kan ce keui, a takarda dole ya rubuta alamar ta, watau shi ko ita. A gida ya ce m, a takarda ya rubuta alamar bu, watau korewa. Ashe tun ranar da ya fara riƙe alƙalami wani harshe ya ke rubutawa, ba nasa ba.

Yadda aka sami harshen gama-gari

A zamanin sarauta ba a damu da bakin talaka ba. Malamai da ma'aikata suna rubutu da tsohon Sinanci na littattafai, wanda ba mai magana da shi, in sun haɗu a fada kuwa su yi wani bakin arewa da a ke kira guanhua, watau maganar hakimai. A 1728 Sarki Yongzheng ya yi ƙorafi cewa ba ya gane maganar ma'aikatan da suka fito daga Fujian da Guangdong, ya sa aka buɗe musu makarantun gyaran lafazi. Ba su yi wani tasiri ba.

Maganar harshen ƙasa ba ta taso da ƙarfi ba sai da Sinawa suka ga Japan, wadda ta ci su da yaƙi a 1895, ta haɗa kan mutanenta da makaranta da harshe guda. Bayan faɗuwar sarauta aka kira taro a Bejin a 1913 domin a tsai da lafazin alamomi wajen 6,500. Gardama ta yi tsanani tsakanin wakilan arewa da na kudu, a ƙarshe aka ba kowane lardi ƙuri'a ɗaya, aka fito da wani lafazi na sulhu, gangar jikinsa ta arewa, da 'yan ƙare-ƙare daga kudu don a faranta wa kowa. Labarin da a kan ji a Kanton, cewa da ƙuri'a ɗaya tak Kantonanci ya rasa zama harshen ƙasa, tatsuniya ce. Aibin lafazin sulhun nan shi ne ba uwar da ta taɓa yi wa ɗanta magana da shi. Masanin harshe Zhao Yuanren ya ɗauke shi a faifan garmaho domin makarantu, amma ba a sami malaman da za su iya koyar da shi ba. A 1932 aka haƙura, aka koma lafazin Bejin tsantsa, da sunan guoyu, watau harshen ƙasa. Kafin wannan, a 1920, an riga an umurci makarantun elementare su bar tsohon Sinanci su koma rubuta harshen da a ke magana da shi.

Abin mamaki, 'yan Kwaminis da farko ba su goyi bayan wannan ba. A wajen 1930 wasunsu, irin su Qu Qiubai, suna ganin guoyu harshen masu mulki ne, suka shirya rubutun boko wanda niyyarsu kowane yanki ya rubuta bakinsa da shi. Da mulki ya zo hannunsu a 1949 sai magana ta sake. A watan Oktoba na 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Hausa a Jihar Arewa, aka yi taruka biyu a Bejin kan gyaran rubutu da daidaita harshe. A Fabrairu 1956 Majalisar Ministoci ta ba da umurnin yaɗa harshen gama-gari, ta kuma bayyana shi: lafazinsa na Bejin, tushensa bakin arewa, nahawunsa na fitattun rubuce-rubucen zamani. Kusan shi ne guoyu ɗin jiya, amma an sake masa suna ya zama putonghua, maganar kowa da kowa, domin kada a ce an ɗora harshen ƙabilar Han bisa sauran ƙabilu da sunan harshen ƙasa. A shekarar nan kuma aka fara rage zane-zanen alamomi don sauƙin koyo, har jerin 1964 ya ƙunshi sauƙaƙan alamomi fiye da 2,200. A 1958 aka amince da pinyin, hanyar rubuta lafazin putonghua da baƙaƙen boko, wadda Zhou Youguang da abokan aikinsa suka tsara. Da ita aka rubuta yawancin sunayen da ke cikin wannan takarda, sai a lura x kusan sh ce, q kusan c, zh kuwa kusan j.

Pinyin bai maye gurbin alamomi ba, ba kuma zai rasa nasaba da maganar kare-kare ba. Da an koma boko ɗungum, da takardar mutumin Kanton ta zama baƙuwa a Bejin, da kuma zancen harshe guda ya rushe a idon kowa. Sai aka bar shi a matsayin sandar jagora: da shi yaro ke koyon lafazi a aji ɗaya, da shi kuma yau yawancin mutane ke shigar da alamomi a kwamfuta da wayar hannu, abin da ke daɗa tilasta wa kowa sanin yadda Bejin ke furta kowace kalma.

Matsayin kare-kare

A Janairu 1958 Firayim Minista Zhou Enlai ya yi jawabi inda ya bayyana cewa nufin yaɗa putonghua shi ne a kau da shingen da ke tsakanin mutane, ba a hana kare-kare ba, kuma ba a kashe su da umurnin hukuma. Har yau wannan ita ce maganar Gwamnati, kuma gaskiya ne ba dokar da ta hana mutum yin bakinsu a gida ko a kasuwa. Sai dai kare-karen ba su da wani haƙƙi rubutacce. Tsarin mulki na 1982, a sashe na 19, ya ɗora wa hukuma yaɗa putonghua a ƙasa duka. Dokar harshe ta 2000 ta mai da shi harshen ofis da makaranta da rediyo, ta ƙayyade wuraren da a ke yarda a yi kari: in ma'aikaci ya ga aikinsa ba zai yiwu ba sai da shi, ko gidan rediyon da ya sami izini, ko wasan kwaikwayo, ko bincike da koyarwa in da bukata.

Wurin da manufar ta fi cizo shi ne wajen malamai. Umurnin 1956 da makarantu ya fara, aka kuma aika masu bincike wurare fiye da 1,800 suka rubuta bakin kowane wuri, ba don a adana shi ba, sai don a shirya wa mutanensa littafin da zai nuna musu inda harshensu ke karkacewa daga na Bejin. Daga 1994 aka kafa jarrabawar iya putonghua, ta baki ce, maki ɗari. Malamin makaranta sai ya ci 80, mai koyar da Sinanci sai 87, mai karanta labarai a gidan rediyon ƙasa sai 97. Wanda ya san aikin horon malamai ya san abin da wannan ke nufi: cikin shekara ashirin an sake bakin kowane aji a ƙasar ba tare da an taɓa iyaye ba. Binciken da aka bayyana a 2004 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na mutane ke iya magana da putonghua, a 2020 Ma'aikatar Ilmi ta ce sun kai kashi 80.

Amma ba daidai ba ne a jingina wa doka kome. Ƙidayar 2020 ta sami mutum miliyan 376 suna zaune ba a garuruwan da aka yi musu rajista ba, yawancinsu 'yan ci-rani. Birnin Shenzhen a tsakiyar ƙasar masu Kantonanci ya ke, amma da ya ke baƙi ne suka cika shi tun daga 1980, putonghua a ke yi a titunansa. Miji ɗan Hunan, mata 'yar Fujian, da wane baki za su yi wa ɗansu magana? A Shangai, inda aka matsa wa yara su bar bakin gari a harabar makaranta daga wajen 1992, an wayi gari jikoki suna jin maganar kakanni amma su amsa da putonghua. Kantonanci ya fi sauran taurin kai, domin yana da Hong Kong a bayansa, da finafinanta da waƙoƙinta da makarantunta. A Yuli 2010, da aka kawo shawarar a mai da manyan shirye-shiryen talabijin na Kanton zuwa putonghua saboda baƙin wasannin Asiya, mutane suka fito titi, hukuma ta ce ba ta da niyyar kau da Kantonanci.

Wannan hali ba na 'yan Kwaminis kaɗai ba ne. A Taiwan, jam'iyyar Guomindang ta fi su tsanani: bayan 1945 a kan ci yara tara ko a rataya musu allo a wuya in an ji sun yi bakin gida a makaranta. Bayan an ɗage dokar soja a 1987 aka juya, aka sa harsunan gida cikin darussa a 2001, aka ba su matsayin harsunan ƙasa a 2019, amma yaran ba su komo ba yadda aka zata. A Singafo ma Lee Kuan Yew ya ɗaura yaƙi da kare-kare a 1979, zuwa 2020 waɗanda suka fi yin su a gida ba su kai kashi 10 cikin ɗari na mazauna ba.

Ƙananan ƙabilu

A nan labarin dabam ne, aƙalla a takarda. Sin ta amince da ƙabilu 56: Han, waɗanda su ne kashi 91 cikin ɗari, da ƙananan ƙabilu 55, mutum wajen miliyan 125 a 2020, amma ƙasarsu ta fi rabin faɗin Sin, kuma ita ce ta kan iyaka. Tun tsarin mulki na 1954 aka rubuta cewa kowace ƙabila tana da 'yancin amfani da harshenta da rubutunta da kuma raya su, aka maimaita wannan a sashe na 4 na tsarin 1982. Dokar cin gashin kai ta 1984 ta ba su damar koyarwa da shari'a da aikin ofis da harsunansu. Akwai manyan jihohi biyar masu cin gashin kansu: Mongoliya ta Gida, Xinjiang, Guangxi, Ningxia da Tibet.

Lambar nan 55 ba daga sama ta faɗo ba. A ƙidayar 1953 an bar mutane su faɗi ƙabilarsu da kansu, sai aka sami sunaye fiye da 400, fiye da 200 daga lardin Yunnan kaɗai. Ba majalisar da za ta ɗauki wakilan ƙabila 400. Aka tura masana, riƙe da ma'aunin da Stalin ya ajiye na abin da a ke kira al'umma, suka yi ta haɗa wannan da wancan, yawanci bisa kusancin harshe, har aka rufe ƙofa da ƙabilar Jino a 1979. Masana harshe na Sin da kansu sun ƙirga harsuna wajen 130. Saboda haka ƙabila guda ta kan ƙunshi harsuna da dama, ɗaya daga ciki ya sami rubutu da makaranta, sauran su zama kare-karensa. Mutanen Zhuang na arewa da na kudu ba su jin juna sosai, na arewan ma sun fi kusa da ƙabilar Buyi ta lardin Guizhou. Masu harshen Gyalrong a Sichuan an sa su cikin Tibetawa, don haka yaronsu in ya sami makarantar harshen ƙabila, Tibetanci zai tarar, wanda shi ma baƙo ne a kunnensa. Watau abin da aka yi wa Kantonanci a cikin Han, shi aka maimaita a cikin ƙananan ƙabilu.

Duk da haka aikin da aka yi tsakanin 1956 da 1959 ba ƙarami ba ne. Ƙungiyoyi bakwai, mutum fiye da 700, suka bazu cikin duwatsu suna rubuta harsuna, aka ƙago wa ƙabilu goma da 'yan kai rubutun boko, irin su Zhuang, Miao, Buyi, Dong, Hani, Lisu da Wa. Rubutun Zhuang na 1957 zai ba masu nazarin Hausa sha'awa. Harshen yana da wasu b da d na maƙogwaro, 'yan'uwan ɓ da ɗ, aka yi musu baƙaƙe na musamman, aka kuma aro wasu daga rubutun Rasha domin nuna karin sauti. Injin buga takardu bai san su ba, keken rubutu bai san su ba. A 1982 aka zubar da su duka, aka koma rubuta mb da nd, karin sauti kuwa a nuna shi da baƙi a ƙarshen gaɓa, z ko j ko x ko q ko h. Rubutun ya sami sauƙin bugawa, amma bai sami masu karatu da yawa ba, domin lafazinsa na gundumar Wuming ne, kuma ba ya kai mutum ga aikin albashi. Mutanen Yi na Liangshan su kam ƙin bokon suka yi, sai da aka koma tsohon rubutun malamansu na gargajiya, aka zaɓi alamomi 819, kowace gaɓa guda, aka amince da shi a 1980, sa'an nan ya karɓu.

Waɗanda suka riga suna da rubutu su suka fi shan juyi. Uigurawa da baƙaƙen Larabci su ke rubutu, ajaminsu ke nan. A 1956, lokacin ana ɗasawa da Rasha, aka shirya mai da su rubutun Rasha. Da zumunci ya ɓaci aka fasa, aka ƙago musu boko mai bin pinyin, aka yi ta koyar da shi har ya zama na hukuma. A 1982 aka komo da baƙaƙen Larabci. Sakamakon haka aka sami tsara guda da ta fita makaranta ba ta iya karanta abin da iyayenta suka rubuta ba, daga baya kuma ba ta iya karanta littafin 'ya'yanta ba. Mongolawa ma an fara mai da su rubutun Rasha a 1955, aka fasa a 1958, abin da ya sa tsohon rubutunsu mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa ya rayu a Sin alhali Jamhuriyar Mongoliya ta ajiye shi tun wajen 1946. Zamanin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, ba ya bukatar dogon bayani: an rufe makarantu da ma'aikatun fassara da yawa, an tsananta wa malamai. Shekarun 1980 su ne lokacin farfaɗowa, aka buga ƙamus-ƙamus da littattafan makaranta, a kan kuma fassara takardun Majalisar Wakilan Jama'a cikin harsuna bakwai.

Harshen koyarwa

Duk gardamar yau a cikin aji ta ke. Kalmar da a ke amfani da ita, koyarwa da harshe biyu, tana ɗauke da abu biyu masu hannun riga. A tsari na farko, da harshen yaro a ke koya masa lissafi da tarihi da kimiyya, Sinanci kuwa darasi ne guda. A tsari na biyu, da Sinanci a ke koyar da kome, harshen yaro shi ne darasi guda. Suna ɗaya, amma na farko yana haifar da mutumin da zai iya tunanin lissafi da Tibetanci, yana kuma bukatar malamai da marubuta da maɗaba'a na Tibetanci. Na biyu kuwa yana mai da harshen abin hira da kaka. Tarihin shekaru ashirin da suka wuce shi ne ƙaura daga na farko zuwa na biyu.

A Xinjiang aka fara. Jami'ar jihar ta koma koyarwa da Sinanci a 2002, daga 2004 aka shiga haɗe makarantun Uigurawa da na Han, zuwa 2017 Sinanci ya zama harshen koyarwa tun daga ajin yara ƙanana. A Oktoba 2010 ɗaliban Tibetawa a Rebkong, cikin lardin Qinghai, suka yi zanga-zanga kan shirin sake harshen littattafansu. Wani ɗan tireda mai suna Tashi Wangchuk, wanda ya nemi kai ƙara domin a koyar da Tibetanci, ya kuma yi hira da jaridar New York Times, an kama shi a 2016, aka ɗaure shi shekara biyar bisa laifin zuga a raba ƙasa. A 2023 wasu masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yaran Tibetawa wajen miliyan ɗaya suna makarantun kwana inda Sinanci ya rinjaya; Gwamnatin Sin ta musa zargin, ta ce nisan ƙauyuka ne ya sa a ke tara yara wuri ɗaya, kuma da yardar iyaye.

Abin da ya faru a Mongoliya ta Gida ya fi ba da mamaki, gama jiha ce da a ke misali da ita wajen zaman lafiya, Mongolawa kuma ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanenta ba. A ƙarshen Agusta 2020, ana gab da komawa makaranta, aka sanar cewa darussa uku za su koma Sinanci da littattafan ƙasa: harshe da adabi a shekarar, tarbiyya da doka a 2021, tarihi a 2022. Iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta, aka yi kame, aka tsoratar da ma'aikata da kora, aka ci gaba da shirin. A Janairu 2021 kwamitin dokoki na Majalisar Wakilan Jama'a ya bayyana cewa dokokin wasu yankuna da suka ce makarantun ƙabilu su koyar da harsunansu sun saɓa wa sashe na 19 na tsarin mulki. Sashe na 4 yana nan ba a goge shi ba, amma an nuna wanda ke gaba in sun yi karo.

Dalilin juyin ba ɓoyayye ba ne. Rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, wadda ta tsage daidai kan iyakokin ƙabilunta, ta tsorata shugabannin Sin, tarzomar Lhasa ta 2008 da ta Urumqi ta 2009 suka ƙara. Wasu masana, irin su Ma Rong na Jami'ar Bejin, suka yi ta cewa tsarin da aka aro daga Rasha yana kaifafa bambanci. A zamanin Xi Jinping aka mai da ƙarfafa jin cewa duk al'umma ɗaya ce ya zama ginshiƙin manufar ƙabilu. Gwamnati tana da wata hujja kuma wadda ba a raina ta: wanda bai iya putonghua ba, ƙofar jami'a da ta ma'aikata da ta ofis a rufe su ke gare shi, kuma iyaye da yawa, tun ba a tilasta ba, da kansu su ke kai 'ya'yansu makarantar Sinanci. Inda hujjar ta yi rauni shi ne ba ta nuna dalilin da zai sa koyon Sinanci ya bukaci a bar koyarwa da harshen gida ba. Koriyawan Yanbian sun yi shekaru da makarantunsu na Koriyanci tun daga elementare, suka kuma kasance cikin ƙabilun da suka fi kowa ilmi a Sin, har da Han.

Ba kuma kowane harshe da ya mutu hukuma ce ta kashe shi ba. Manchu sun mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, harshensu na fada ne, sarakunansu suna ta gargaɗin a riƙe shi, amma ya narke cikin Sinanci tun suna kan gado. Yau mutum fiye da miliyan 10 ke amsa sunan Manchu, masu harshen daga nono kuwa 'yan tsofaffi ne a ƙauyukan Heilongjiang. Ɗan'uwansa na kusa ya rayu ne a bakin mutanen Xibe, zuriyar sojan da aka tura kan iyakar Xinjiang a 1764, saboda nisa ya kare su. Masu nazarin Hausa ba baƙin irin wannan ba ne, in aka tuna ƙananan harsunan ƙasar Bauci da Hausa ta haɗiye ba da umurnin kowa ba.

A 2015 Gwamnati ta buɗe wani babban shiri na adana harsuna, kare-karen Sinanci da harsunan ƙabilu gaba ɗaya. A zangon farko an ɗauki murya da hoto a wurare fiye da 1,700, da jerin kalmomi da jimloli iri ɗaya a ko'ina, da tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya. A kowane wuri babban wanda a ke nema shi ne dattijon da aka haifa a nan, ya girma a nan, bai yi dogon zama a wani gari ba, domin bakinsa ne bai gauraya ba. Ma'aikatar Ilmi ce ke riƙe da shirin, ita ce kuma ke shirya makon yaɗa putonghua a kowane watan Satumba tun 1998.